Yadda Ake Hana Tsimin Wutar Allo Ɓata Gwajin Direban Hoto a Linux

Tambaya ɗaya ce masu karatu ke ta aikowa ta fuskoki daban-daban. Wani ya ɗora piglit ko dEQP, manhajojin gwada direban hoto, kan sabon direban Mesa (tarin direbobin hoto na Linux) da daddare, gari ya waye ya tarar da `timeout` rututu. Wani gwajinsa na tafiya lafiya muddin yana zaune gaban na'urar, yana tashi sai gwajin ya faɗi. Wani kuma ya auna saurin direba sau biyu a kwamfuta ɗaya, lambobin suka ƙi haɗuwa. Sau da yawa direban ba shi da laifi: allo ne ya yi barci, ko wani sashe na injin nuni ya rage aiki don tsimin wuta.

Abin da ke sa matsalar wuyar kamu shi ne tsimin ba a wuri guda yake ba. Teburan aiki irin GNOME ko KDE na da agogonsu, sabar X mai nuna tagogi a allo na da nata, kanel, wato zuciyar Linux, na da nasa, direba na da dabarunsa, monitar ma na da nata a cikin menu. Ka kashe ɗaya, huɗu na nan suna jira. Don haka za mu bi su daga sama zuwa ƙasa, kuma a kowane mataki za a karanta halin da na'urar ke ciki daga fayil, ba a dogara da ido ba.

## Abin da za ka tanada

Kwamfuta ta biyu, ko waya mai manhajar SSH, domin shiga na'urar gwajin daga nesa. Wannan ne mafi muhimmanci cikin kayan, saboda kana taɓa kibod ko linzamin na'urar gwaji allon zai farka, shaidar da kake nema ta tafi. Sai izinin `sudo`, caja mai kyau, da inbata ko UPS in akwai. Idan na'urar ba za ta kasance da monita ba, ka nemi ɗan filogin HDMI na bogi, irin wanda ke sa katin hoto ya ɗauka an jona allo. Ba shi da tsada. Manhajojin duk kyauta ne. Kuɗin da za ka biya na gaskiya shi ne wuta da zafi, don na'urar da aka hana hutawa ta fi shan batir. Ka ware kamar awa ɗaya, har da lokacin jira.

## Mataki na 1: Tabbatar cewa barcin allo ne

Kafin ka canza komai, duba lokacin da faɗuwar ta fara. Idan gwaje-gwajen farko sun wuce, sai a daidai minti na 5 ko na 10 komai ya rikice, ka kusa kama ɓarawon. GNOME na kashe allo bayan daƙiƙa 300 in ba a canza ba, Weston, wani mai haɗa tagogi, shi ma 300, sabar X kuma 600.

Ta SSH, kunna wannan ɗan mai gadi kafin ka fara gwajin:

```
while true; do
  echo "$(date +%T) $(cat /sys/class/drm/card*-eDP-1/dpms) $(cat /sys/class/drm/card*-eDP-1/enabled) $(cat /sys/class/power_supply/A*/online)"
  sleep 10
done >> ~/halin-allo.txt
```

`eDP-1` allon laftof ne. Ga monita ta waje sunan zai zama irin `HDMI-A-1` ko `DP-1`. `ls /sys/class/drm` zai nuna maka. An sa tauraro a `card*` da gangan, domin a sabbin kanel katinka na iya zama `card1` maimakon `card0`. Shafin ƙarshe yana rubuta 1 in akwai wutar caja, 0 in an koma batir, kuma za ka ga amfaninsa a mataki na 8. Bayan gwaji sai ka jera wannan fayil da lokutan faɗuwar. In `On` ya koma `Off` a lokacin da `timeout` na farko ya bayyana, magana ta ƙare.

Dalilin da barcin allo ke tsayar da gwajin da ba ruwansa da allo shi ne: yawancin shirye-shiryen OpenGL da Vulkan suna jiran siginar vblank, wato alamar da injin nuni ke bayarwa duk lokacin da ya gama zana firam ɗaya, kafin su miƙa na gaba. A allo mai 60Hz, sau 60 ke nan a daƙiƙa. Allo na mutuwa siginar ta tsaya. Sabar Xorg takan maye gurbinta da agogon jabu mai bugawa sau ɗaya tak a daƙiƙa, sai gwajin da ke buƙatar firam 300, wanda daƙiƙa 5 ke isar sa, ya koma cin minti 5. A Wayland, tsarin nunin da ke maye gurbin X, abin kan fi haka muni: mai haɗa tagogi yakan daina gaya wa shiri cewa lokacin sabon firam ya yi, shirin ya tsaya cak a `eglSwapBuffers` har allon ya dawo.

Kana iya ganin haka da idonka a X. Kunna `glxgears` yana rubuta sakamako cikin fayil, sannan daga SSH ka ba da `DISPLAY=:0 xset dpms force off`. Lambar za ta sauko daga wajen 60 zuwa wajen 1.

Gargaɗi: umarnin `xset dpms force` yana sake kunna DPMS, tsarin da ke umartar monita ta kashe kanta, ko da ka kashe shi a baya. Duk sanda ka yi wannan gwaji, sai ka maimaita mataki na 4. Haka kuma, a kan direban NVIDIA na kamfani a ƙarƙashin X, fayilolin `/sys/class/drm` ba abin dogaro ba ne. Layin `Monitor is` na `xset q` za ka riƙa karantawa.

## Mataki na 2: San irin gwajin da kake yi

Nan ne mutane suka fi yin tsalle, kuma nan ne ake yanke hukuncin abin da za a kashe da abin da za a bari.

Idan gwajin daidaiton zane ne, irin piglit da dEQP, hanya mafi tsafta ita ce ka raba shi da allo gaba ɗaya. `piglit run -p gbm` yana zana hoto ba tare da taga ba, dEQP kuma na karɓar `--deqp-surface-type=pbuffer`. Inda dole sai da taga, cire jiran vblank: `vblank_mode=0` ga OpenGL na Mesa, `MESA_VK_WSI_PRESENT_MODE=immediate` ga Vulkan na Mesa, `__GL_SYNC_TO_VBLANK=0` ga NVIDIA. Matakai na 3 zuwa 5 sun wadatar da wannan rukuni.

Idan awon sauri ne, za ka bi duk matakan har na 8.

Idan kuwa injin nunin kansa kake gwadawa da IGT GPU Tools, to ka kashe agogunan da ke sama da direba, amma ka bar dabarun cikin direban a kunne. Gwaje-gwaje irin `kms_psr` da `kms_frontbuffer_tracking` aikinsu ke nan: su ga ko tsimin wutar na tafiya daidai. In ka kashe PSR, dabarar tsimin da za a bayyana a mataki na 7, sannan ka gudanar da su, za su fito da `skip`, rahoton ya yi fes babu ja ko ɗaya, alhali ba a gwada komai ba.

Gargaɗi: IGT na buƙatar riƙe katin shi kaɗai. Rufe teburin aiki da `sudo systemctl isolate multi-user.target`, ka duba `/sys/kernel/debug/dri/0/clients` ka tabbatar babu wani shiri da ke riƙe da matsayin `master`.

## Mataki na 3: Agogon GNOME, KDE da 'yan uwansu

A GNOME, a matsayin mai amfanin da ya shiga teburin:

```
gsettings set org.gnome.desktop.session idle-delay 0
gsettings set org.gnome.desktop.screensaver lock-enabled false
gsettings set org.gnome.settings-daemon.plugins.power idle-dim false
gsettings set org.gnome.settings-daemon.plugins.power sleep-inactive-ac-type 'nothing'
gsettings set org.gnome.settings-daemon.plugins.power sleep-inactive-battery-type 'nothing'
```

Layi na farko na hana kashe allo, na biyu na hana kullewa, na uku na hana rage haske, biyun ƙarshe na hana na'urar kwanciya, ɗaya a kan caja ɗaya a kan batir. Kada ka bar na batir da tunanin ai caja na jone.

Gargaɗi: kada ka sa `sudo` a gaban `gsettings`. Saitin zai tafi asusun root, teburinka bai ma san an yi ba, kuma ba lallai ka ga kuskure ba. In ta SSH kake, tabbatar `DBUS_SESSION_BUS_ADDRESS` na nuni zuwa `unix:path=/run/user/1000/bus`, ka maye 1000 da lambar da `id -u` ya ba ka. Bayan kowane `set` yi `get` ka gani.

In ba ka son canza saiti na dindindin, nannaɗe gwajin cikin umarnin hana barci: `gnome-session-inhibit --inhibit idle:suspend` sai umarnin gwajin ya biyo baya. A KDE, `kde-inhibit --power --screenSaver` ne ke wannan aiki. Gwajin na ƙarewa kariyar ta ɗage da kanta, abin da ya dace da laftof ɗin da kake aikin yau da kullum da ita. A Sway, kashe `swayidle` da `pkill swayidle`, ka kuma cire layinsa daga fayil ɗin saiti don kada ya dawo. Weston a tayar da shi da `--idle-time=0`.

Wani tarko: allon shiga na GNOME, wato GDM, yana da saitinsa daban da naka. Idan gwajin ya fasa teburin aka koma allon shiga, agogon GDM ne ke mulki, kuma a nau'o'in Linux irin Fedora yakan kwantar da na'urar bayan minti 15 ko tana kan caja. Mataki na 5 ne maganin wannan.

## Mataki na 4: Sabar X

Fara da `echo $XDG_SESSION_TYPE` daga cikin teburin. In ya ce `wayland`, tsallake matakin nan: `xset` zai yi magana da Xwayland ne kawai, wanda ba shi da iko kan allon gaske. In ya ce `x11`:

```
xset s off
xset s noblank
xset -dpms
xset q
```

Abubuwa biyu ne daban a X: mai rufe allo da baƙi, wanda `s` ke sarrafawa, da DPMS mai umartar monita ta kashe kanta. Wanda ya yi `xset -dpms` kaɗai ya kashe maciji bai sare kansa ba. A sakamakon `xset q` nemi `timeout: 0` da `DPMS is Disabled`, duka biyun.

Saitin `xset` na mutuwa tare da sabar. Gwajin direba kuwa yakan fasa X, ta sake tashi da daƙiƙa 600 ɗinta na asali. Don ya ɗore, ƙirƙiri `/etc/X11/xorg.conf.d/10-hana-barci.conf`:

```
Section "ServerFlags"
    Option "BlankTime"   "0"
    Option "StandbyTime" "0"
    Option "SuspendTime" "0"
    Option "OffTime"     "0"
EndSection
```

Gargaɗi: lambobin wannan fayil mintuna ne, na `xset` kuma daƙiƙoƙi. Sannan manajan wuta na tebur, irin na Xfce ko KDE, yakan sake rubuta saitin DPMS bayan ka shiga ko in aka cire caja. Shi ya sa wannan mataki ya biyo bayan na 3, bai gabace shi ba. Mai tayar da sabar gwaji da hannu zai iya taƙaita duk wannan da `X :1 -s 0 -dpms`.

## Mataki na 5: systemd da baƙin allon rubutu

```
sudo systemctl mask sleep.target suspend.target hibernate.target hybrid-sleep.target
```

Da wannan, ko wane shiri ne ya nemi kwantar da na'urar ba zai samu ba, har da GDM. A laftof, buɗe `/etc/systemd/logind.conf` ka sa `HandleLidSwitch=ignore` da `HandleLidSwitchExternalPower=ignore`.

Gargaɗi: in ka toshe waɗancan huɗun ba ka gyara zancen murfi ba, sannan aka rufe laftof, logind zai yi ta neman kwantar da ita yana kasawa, yana cika rajista yana cin CPU, awon saurinka ya gurɓata. Kuma kada ka sake tayar da `systemd-logind` teburin na buɗe, yana iya watsar da zaman. Sake kunna kwamfutar ya fi. Murfin ma bar shi a buɗe, don iska da kuma don kada teburin ya kashe allon ciki.

Mutane da yawa na dogara da `systemd-inhibit --what=idle:sleep`. Yana hana kwanciya, amma ba ya hana GNOME kashe allo, don GNOME na da nasa lissafin zaman banza.

Sai baƙin allon rubutu, wanda masu IGT ke zaune a kai. Karanta `/sys/module/kernel/parameters/consoleblank`. In 0 ne, wuce. In 600 ne ko wata lamba, ƙara `consoleblank=0` a layin kanel kamar yadda za a nuna a mataki na 7. Umarnin `setterm --blank 0 --powerdown 0` ma na yi, amma sai an buga shi a kan ainihin allon na'urar. Ta SSH ba ya isa inda ake so.

## Mataki na 6: Monitar kanta

Wannan ba ya cikin kowane fayil. Shiga menu na monitar da maɓallanta ka kashe yanayin tsimi, kashe kai bayan wasu awanni, daidaita haske da kai, da zaɓen mashiga da kai. Monitocin DisplayPort da dama na da barci mai zurfi wanda in suka shiga sukan saki layin da ke shaida wa kati cewa an jona su. A wurin direba daidai yake da an zare waya: mahaɗin ya koma `disconnected`, tebur ya sake jera tagogi, gwaji ya rasa allonsa. In talabijin kake amfani da shi, da yawansu na kashe kansu bayan awa 4 in ba a taɓa rimot ba.

Don ganin ko hakan na faruwa, bar `udevadm monitor --subsystem-match=drm` yana gudana cikin fayil. Duk wani `change` da ya bayyana tsakar dare ba wanda ya taɓa waya, monitar ce, ko kebul mai sako-sako. Idan ba hoton da ke fita kake dubawa ba, filogin bogi ya fi kowace monita kwanciyar hankali, don ba ya barci.

## Mataki na 7: Dabarun cikin direba

Zuwa nan allon ba zai mutu ba. Saura tsimin da ke aiki allon na kunne, wanda ya fi ɓoyuwa.

Babba a cikinsu shi ne PSR, a allunan laftof masu haɗin eDP. Allon na da 'yar ma'ajiya tasa. In hoto ya tsaya bai canza ba, katin yakan daina aika firam, allon ya ci gaba da nuna wanda ya ajiye. Nau'insa na biyu, PSR2, yana aika yankin da ya canza kaɗai. Alamominsa a gwaji: hoto ya daskare har sai an motsa linzami, ƙyaftawa, wani yanki ya riƙe tsohon hoto, ko firam na farko bayan ɗan shiru ya makara, awon lokacin firam ya riƙa nuna ƙololuwa nan da can.

Ga abin da ke ruɗa mutane: ɗaukar hoton allo da manhaja zai fito daidai, domin daga ƙwaƙwalwar kati ake ɗebo shi, matsalar kuwa tana gaba da nan, tsakanin kati da allo. In idonka na ganin ɓarna amma hoton da ka ɗauka lafiya lau, ɗauki bidiyo da kyamarar waya, kuma ka fara zargin wannan mataki.

A Intel:

```
sudo cat /sys/kernel/debug/dri/0/i915_edp_psr_status
sudo cat /sys/kernel/debug/dri/0/i915_fbc_status
sudo cat /sys/kernel/debug/dri/0/i915_dmc_info
```

Lambar da ke bayan `dri` ta bi ta katinka. Fayil na farko zai gaya maka ko allon na goyon bayan PSR da ko yana kunne. Na biyu na FBC ne, matse hoton da ke ƙwaƙwalwa don injin nuni ya rage karatu. Na uku na ƙirga sau nawa injin nunin ya shiga barci mai zurfi na DC5 da DC6. Ana kashe su da `i915.enable_psr=0`, `i915.enable_fbc=0` da `i915.enable_dc=0`. Sabbin katuna irin Lunar Lake da Battlemage direban `xe` suke amfani da shi, sai ka rubuta `xe.enable_psr=0`; `lspci -k` zai nuna wanda ke riƙe da katinka. Don gwaji na ɗan lokaci ba tare da sake kunnawa ba, rubuta 1 cikin `i915_edp_psr_debug` a wannan babban fayil don kashe PSR, 0 don mayar da shi.

A AMD, `amdgpu.dcdebugmask=0x10` na kashe PSR, `0x400` na kashe ƙanensa Panel Replay. Lambobin tarawa ake yi, don haka duka biyun `0x410` ne. In ka rubuta zaɓin sau biyu, na ƙarshe kaɗai zai yi aiki. AMD na da kuma ABM, mai rage fitilar bayan allo ya ƙara wa launuka ƙarfi don cike gurbi. Matakinsa daga 0 zuwa 4 ne, kuma tun kanel 6.9 ana ganinsa a `/sys/class/drm/card*-eDP-1/amdgpu/panel_power_savings`. Mai auna launi da na'ura ko kyamara dole ya mayar da shi 0. `amdgpu.abmlevel=0` a layin kanel na kulle shi.

A Ubuntu da Debian, ƙara zaɓin cikin `GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT` a `/etc/default/grub`, ka yi `sudo update-grub`. A Fedora, `sudo grubby --update-kernel=ALL --args="i915.enable_psr=0"`. Sake kunnawa, ka duba `/proc/cmdline`, sannan ka sake karanta fayil ɗin halin PSR. Ganin zaɓin a layin kanel bai isa shaida ba, domin harafi ɗaya da ya kuskure kanel zai yi watsi da shi.

Gargaɗi: ɗaya-ɗaya ake kashe su, a sake gwaji tsakani. Wanda ya zuba duka uku lokaci guda matsala ta ɓace, bai san wanne ne mai laifi ba, kuma ba shi da abin da zai kai rahoto. Zaɓuɓɓukan Intel ɗin na sa kanel ya yi wa kansa tambarin gurɓata, za ka ga saƙon `tainting kernel` a `dmesg`. Ba lalacewa ba ce, amma a ambata a rahoto. In Secure Boot na kunne, rubutu cikin `/sys/kernel/debug` na iya ƙi ko da `sudo`.

## Mataki na 8: Barcin katin kansa da ɗaukewar wuta

A laftof mai kati biyu, katin ƙarin yakan mutu gaba ɗaya in ba a amfani da shi, kuma farkawarsa na ɗaukar lokaci. Sakamakon shi ne gwajin farko ko firam ɗin farko ya fita daban da saura. Nemo adireshinsa da `lspci -D`, sannan:

```
cat /sys/bus/pci/devices/0000:01:00.0/power/runtime_status
echo on | sudo tee /sys/bus/pci/devices/0000:01:00.0/power/control
```

`on` na hana shi barci, `auto` na ƙyale shi. Na dindindin su ne `amdgpu.runpm=0`, `nouveau.runpm=0`, ko `NVreg_DynamicPowerManagement=0x00` ga direban NVIDIA.

Gargaɗi: `nvidia-smi` da `lspci` kan tayar da katin da ke barci. In ka duba da su kullum za ka same shi a farke. `runtime_status` kaɗai ake karantawa ba tare da an taɓa shi ba.

Sai batun da ya fi shafar mai aiki inda wuta ke zuwa ta ɗauke. Laftof ba ta mutuwa in an ɗauke wuta, don haka gwajin na ci gaba, amma ba a na'ura iri ɗaya ba. Daƙiƙar da caja ta yanke, TLP, manhajar tsimin wutar laftof, na komawa saitin batir, yana iya mayar da `power/control` zuwa `auto`. Takwararta power-profiles-daemon na iya ɗaga ABM a AMD. Firmwaya kuma na rage wutar da take ba CPU da kati. Wuta ta dawo komai ya koma, da safe ba alama. Wannan ne amfanin shafin ƙarshe na mai gadin mataki na 1. `sudo tlp ac` na kafe TLP a saitin caja ko an zare ta, `sudo systemctl stop power-profiles-daemon` na tsayar da ɗayan. Rage wutar da firmwaya ke yi kuwa babu umarnin da ke hana shi, don haka duk awon saurin da 0 ya faɗo a tsakiyarsa a zubar da shi a sake. Canji daga wutar layi zuwa janareta ma na haifar da wannan yankewar, ko da ta 'yan daƙiƙoƙi ce.

## Mataki na 9: Gwajin zaman banza

Sake kunna na'urar, kada ka taɓa ta, ka bar mai gadin da `glxgears` suna gudana minti 20. An zaɓi 20 ne don ya wuce agogunan minti 5, 10 da 15. Dole `dpms` ya tsaya a `On` daga farko har ƙarshe, saurin firam bai faɗi ba, `udevadm` bai ga komai ba. In wani abu ya motsa, mintin da ya motsa zai nuna maka matakin da za ka koma.

Gargaɗi: allon OLED da aka bari a kunne dare guda da hoto ɗaya na iya riƙe tabo na dindindin. Rage haske da hannu, ka sa baƙin bango, ka ɓoye sandar tebur.

## Mataki na 10: Zagaye na biyu, da tsimin a kunne

Sakamakon da ka samu komai a kashe shi ne ma'auninka, amma ba shi ne halin da masu amfani za su tarar da direban ba. Su PSR na kunne a laftof ɗinsu, allonsu na mutuwa yana farkawa sau da yawa a yini. Direban da ke wucewa sai an kashe masa tsimi, da sauran aiki a kansa. Don haka mayar da dabarun mataki na 7 da na 8 ɗaya bayan ɗaya, kana maimaita gwajin. Wanda ya dawo da faɗuwar, kwaro ne na gaske a direba, kuma ya cancanci rahoto.

Barcin allo ma a gwada shi da gangan, a lokacin da kai ka zaɓa: a X, maimaita `xset dpms force off` da `xset dpms force on` da tazarar daƙiƙa 5, kana kallon `dmesg -w` ta SSH. Saƙonni irin `flip_done timed out`, `vblank wait timed out` ko gazawar `link training` su ake nema. Kafin ka maimaita don rahoto, ƙara `drm.debug=0x1e log_buf_len=4M` a layin kanel, domin rajistar ta yi bayani dalla-dalla kuma farkonta kada ya goge. Haɗa da cikakken `dmesg` tun daga tashi, abin da ke `/proc/cmdline`, lambar kanel da ta Mesa, samfurin allo ko monita, fayil ɗin mai gadi, da zaɓi guda ɗayan da ke kawar da matsalar. Rahoton direbobin Intel da AMD na kanel a GitLab na freedesktop.org ake shigar da shi.

In na'urar za ta koma aikin yau da kullum, warware komai: `systemctl unmask` ga huɗun nan na mataki na 5, `gsettings reset` ga kowane maɓallin da ka canza, goge fayil ɗin `xorg.conf.d`, mayar da layukan murfi a `logind.conf`, cire zaɓuɓɓukan kanel har da `drm.debug`, ka yi `sudo tlp start`. Na murfin shi ne wanda ba a son mantawa, don laftof ɗin da ba ta kwanciya in aka rufe ta aka jefa jaka za ta yi ta aiki ba iska har batir ya ƙare.